Gishiri, magi, kanwa ko daddawa, wanne za a sa wa mai ciwon ƙoda a miya?

Shekara biyu kenan ni ke dafa wa Babanmu abinci, tun da aka ce ƙodarsa ta yi rauni, hawan jini ne ya daɗe yana cinsa bamu farga ba. Ranar abu na farko da likita ya faɗa mana shi ne a rage gishiri. Muka dawo gida muka ɗauke gishiri gaba ɗaya daga miyarsa, toh miya ta zama lami ya ƙi ci, sai muka ƙara magi dan ta ciwu, a ganinmu ai magi ba gishiri bane. Bayan wata guda ƙafa na nan a kumbure, jini kuma bai sauka ba. Da muka koma ne mai ba da shawara kan abinci ta tambaye ni, "Dunƙule nawa kike sa wa a tukunya? Kina sa kanwa?" Nan na gane gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago. Shi yasa nake so na jera kayan nan ɗaya bayan ɗaya na gwada su da juna, saboda na san akwai mata da yawa irina dake tsaye gaban murhu da mara lafiya a ɗaki, kuma ba wanda ya zaunar da su ya yi musu lissafin.

Abinda ƙoda ke fama da shi a cikin gishiri sunansa sodiyam. Ƙoda mai lafiya tana tace wanda ya yi yawa ta fitar ta fitsari, wadda ta raunana kuwa bata iya fitar da shi duka, sai ya zauna a jiki ya riƙe ruwa, daga nan ne kumburin ƙafa da fuska ke zuwa, jini ya hau, numfashi ya yi nauyi in ruwan ya kai huhu, kuma hawan jinin ya koma ya ƙara lalata ƙodar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce miligiram 2,000 na sodiyam a rana, wato gishiri giram 5, kuma ƙa'idar da likitocin ƙoda ke bi ma kusan nan ta tsaya. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri a shafe, ba a tule ba, yana da kusan miligiram 2,300. Kinga kenan kason mutum na yini guda bai ma kai cokali ɗaya ba, kuma a ciki za a cire na burodi da na nama da na duk abinda ya shiga baki. Wannan 2,000 ɗin ki riƙe ta a ka kamar kuɗin cefane, duk abinda zan ambata daga cikinta yake cin nasa.

Mu fara da gishirin kansa. Kashi 40 cikin 100 na nauyinsa sodiyam ne, a cikin kayan miya babu wanda ya kai shi. Amma yana da wani kirki ɗaya da sauran basu da shi, ana iya auna shi, kuma kin san me ke ciki. Ni yanzu rabin cokalin shayi nake aunawa da safe na zuba a wani ɗan murfi, shi ne na Baba na yinin gaba ɗaya, in ya ƙare ya ƙare. Adadin nan likitarsa ce ta amince da shi bisa gwajinsa, naki mara lafiyan zai iya bambanta. Kuma dan Allah kar a ruɗe ki da launi ko suna. Gishirin nan mai ruwan hoda da ake kawowa daga Fakistan ana saida shi da tsada a manyan kantuna, da gishirin teku, da kantu da beza da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma, duka dai gishiri ne, sodiyam ɗinsu kusan ɗaya, ƙoda bata san tsada ba. In ma za a zaɓa gara na leda na yau da kullum, saboda shi ne ake sa wa aidin mai kare mutum daga maƙoƙo, a Najeriya tun farkon shekarun 1990 aka wajabta hakan.

Sai magi, ina nufin duk wani dunƙule, ko Maggi ne ko Knorr ko Royco ko Jumbo da 'yan uwanmu na Nijar suka fi sani, harda na gari da ke zuwa a ƙananan ledoji. Ki juya bayan kwalin ki karanta jerin kayan da aka haɗa, ana fara rubuta wanda ya fi yawa ne, kuma kusan ko yaushe gishiri za ki gani a farko. Galibin dunƙulen nan wajen rabin nauyinsa gishiri ne tsantsa, sannan ga farin magi a ciki shima da nasa sodiyam ɗin. Ɗan ƙaramin nan mai giram 4 ki ɗauka yana da wajen miligiram 800, wani ya fi haka wani bai kai ba. Guda biyu da rabi sun cinye kason yini. Toh yanzu ki yi lissafin tukunyar gida, a ce mutum goma za su ci, an sa dunƙule takwas, 6,400 kenan, an ƙara babban cokali ɗaya na gishiri wanda shi ne ƙanana uku, wajen 6,900, jimla ya haura 13,000, kowa ya tashi da sama da 1,300 a ci ɗaya tak. A ci rana a ci dare an wuce 2,600, ba a lissafa karin kumallo ba, ba a lissafa kanwa ba, ba a lissafa yajin da ake barbaɗawa a kai ba. Kuma wallahi wannan tukunyar da na kwatanta ba ta masu hannu da yawa bace, haka akasarin gidajenmu ke yi.

Idan aka ce na zaɓa tsakanin gishiri da dunƙule, ni gishiri aunanne nake zaɓa, saboda dunƙule yana ɓoye kansa, mutum baya jin ya sa gishiri sai ya sake ɗebo gishirin ya ƙara. Amma in mara lafiyanki ya saba da ƙamshin magi har baya iya cin abinci sai da shi, toh ba haramun bane, a ɓalli rabin dunƙule a sa a tasa miyar, sannan a cire kwatankwacinsa daga gishirin ranar. Abinda ba a yi shi ne haɗa su biyun kowanne da cikakken hannunsa.

Farin magi kuwa, wanda muke cewa ajino, a nan ne mutane za su yi mamaki. An fi tsoronsa fiye da dunƙule, ana cewa har tabon kaya yake fitarwa, wata sai ta rantse bata taɓa sa shi a miyarta ba alhali tana zuba dunƙule shida wanda shi ɗin ne a ciki haɗe da gishiri. Asalinsa wani masani ne a Japan mai suna Kikunae Ikeda ya gano shi a 1908 daga wata ciyawar teku da suke yin romo da ita, yanzu kuma daga rake ko rogo ko masara ake yinsa ta hanyar tsimawa. Sodiyam ɗinsa wajen kashi 12 cikin 100 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na gishiri kenan, cokalin shayi ɗaya wajen miligiram 500. Saboda haka a lissafin ƙoda zalla, ɗan tsunkule na farin magi a maimakon wani ɓangare na gishiri ya fi dunƙule sauƙi. Sharaɗin shi ne a maimakon, ba a kan ba. Ban ce kowa ya je ya saya ba, akwai waɗanda ransu baya so kuma suna da abinda ya fi shi a kusa, zan zo kansa. Na faɗa ne dan kar a guji mai 500 a rungumi mai dubbai.

Yanzu ga kanwa, kuma nan zan daɗe dan ita ce ba wanda ya faɗa mana. Hausawa sun ce kanwa uwar gami, a zancen ƙoda ma haka take. Da turanci ana kiranta potash, sunan dake sa mutum ya zaci fotasiyam ce, wato wani sinadari daban da sodiyam wanda shima ƙoda ke tacewa, har wasu masu ilimi sukan ɗauka haka, amma kanwar da ake haƙowa a yankin tafkin Chadi da ƙasar Manga da Borno da Yobe, ja ce ko fara ko ungurnu, jigonta sodiyam ne, 'yar uwar bakin soda ce ta kusa. Tsantsarta wajen kashi 30 cikin 100 sodiyam ne, ta kasuwa kuma tana haɗe da ƙasa da gishiri da wasu abubuwa, ba mai iya ce miki ga adadin dake cikin ɗan gutsuren da kika jefa. Matsalar tata kenan, bata da ɗanɗanon gishiri balle harshe ya yi miki gargaɗi, kuma bata da takarda a jiki balle ki karanta. Ki duba inda take shiga, miyar kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, karkashi, lalo, ɗanwake, dafa wake, wasu har zoɓo dan a kashe tsami, sai kuma kunun kanwa wanda mu a al'ada shi ake dama wa mai jego da mara lafiya da nufin ƙarfafa jiki. Ni da hannuna na dinga dama wa Baba kunun kanwa a watan farko ina ganin gata nake masa, har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Wasu sukan ce toh a koma bakin soda, ai shi mai tsabta ne na kanti. Tsabta kam ya fi, kuma ana iya auna shi, amma cokalin shayi ɗaya nasa ya haura miligiram 1,200 na sodiyam, fiye da rabin kason yini. Eh, akwai masu ciwon ƙoda da likita ke rubuta wa irin wannan sinadarin a matsayin magani idan jininsu ya yi tsami, wannan aunanne ne bisa gwaji, kuma in har mutum na shansa ma dalili ne na ƙara janye kanwa daga tukunya tunda ga wani sodiyam yana shiga ta magani.

Sai ruwan toka, wanda a ƙauyuka da dama ake tacewa daga tokar karan gero ko dawa ko masara a sa a miya a madadin kanwa. Shi sodiyam ɗinsa ba yawa, amma cike yake da fotasiyam, kuma ga mai raunin ƙoda wannan na iya fin kanwar haɗari. Zan bayyana dalili a ƙasa kaɗan. Tsakanin kanwa da soda da toka babu wanda zan ce miki ɗauki, hanyar da na samu ita ce koyon girki babu su. Wake a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan jiƙon a dafa da sabo, in akwai tukunyar nan mai matse tururi ma ya fi sauri, kuma jiƙon da zubar da ruwan yana rage fotasiyam ɗin waken shi kansa. Kuɓewa ɗanya a goga ta da laushi ko a daka, a zuba a ruwa mai tafasa, kar a rufe tukunya, a kaɗa da maburgi sosai, yauƙi zai zo. Launinta ba zai yi kore shar kamar ta kanwa ba, wannan gaskiya ne, amma tana ciwuwa. Kunun kanwa kuma mun maye shi da koko.

Toh ga wanda na fi jin tsoro a cikinsu duka, gishirin da ake kira na masu hawan jini, irin su Lo-Salt da makamantansa da ake samu a kemis da manyan kantuna. Wata 'yar uwarmu ce ta kawo wa Baba shi daga tafiya, da kyakkyawar niyya, ta ce "Baba ga gishirinku na masu lalura, wannan ko nawa aka sa ba komai." Allah ya taimaka na kai wa likita robar kafin na buɗe. Irin wannan gishirin an cire wani kaso na sodiyam ne an maye shi da fotasiyam, a wasu ma kusan kashi biyu cikin uku fotasiyam ne. Ga mai hawan jini wanda ƙodarsa lafiya lau abu ne mai kyau sosai, an yi babban bincike a ƙasar Sin a ƙauyuka 600 da mutum kusan 21,000, aka fitar da sakamakon a 2021, aka ga ya rage shanyewar ɓarin jiki da mutuwa. Amma tun wajen ɗibar mutanen binciken an ware masu ciwon ƙoda mai tsanani ba a sa su ba. Haka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta kan irin gishirin a watan Janairun 2025, ta faɗa ƙarara cewa banda masu matsalar ƙoda. Dalili kuwa, ƙoda ce ke fitar da fotasiyam, in ta gaza sai ya taru a jini, daidai ɗinsa a gwajin jini tsakanin 3.5 ne zuwa 5.0, in ya haura 6 zuciya na iya rikicewa ko ta tsaya, kuma sau da yawa ba wata alama da mutum zai ji kafin nan. Sodiyam yana yin ɓarnarsa a hankali har ki ga kumburi, shi wannan yana iya zuwa farat ɗaya. Ga shi kuma magungunan hawan jini da aka fi ba masu ciwon ƙoda, irin su lisinopril da losartan da spironolactone, su ma suna ɗaga fotasiyam. Saboda haka duk abinda kika ga an rubuta potassium chloride a jikinsa, ko gishiri ne ko dunƙulen da aka ce an rage masa gishiri, kar ya shiga tukunyar mara lafiya sai likitansa ya gani da idonsa ya yarda.

Ba kowane mai ciwon ƙoda ne fotasiyam ɗinsa ke hawa ba fa, musamman a farkon ciwon, kar a je a hana mutum ganye da 'ya'yan itace haka kawai. Gwajin jini ne ke faɗa. Amma cin ayaba ɗaya daban, zuba tsantsar fotasiyam a miya da cokali daban.

Yanzu bari na zo kan wadda ta cece mu, daddawa. Kafin dunƙule ya shigo ƙasar nan ai da ita kakanninmu ke miya, kuma abin sha'awa sinadarin dake ba farin magi daɗinsa shi ne dai ke fitowa a kalwa idan ta tsimu, shi yasa miyar da ta ji daddawa take cika baki ko gishirinta kaɗan ne. Ita kalwar ɗorawa a karan kanta sodiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen masu yi, wasu na zuba gishiri dan kar ta lalace ta daɗe a kasuwa, wasu na sa kanwa ko toka wajen dafa ƙwayar dan ta yi laushi da wuri, musamman daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa. Abinda nake yi, na samu mace ɗaya mai yi a unguwa na tambaye ta kai tsaye me take sa wa, na roƙe ta ta dinga ware min wadda ba gishiri, ina shanyawa ta bushe ƙarau na daka na adana a kwalba. In ta kasuwa ce kika saya ki ɗanɗana a harshe, in kin ji gishiri ki ɗauraye ta kafin ki daka. Sannan daddawa daga ƙwaya take kamar wake, tana da fotasiyam da fosfaras, wani sinadarin da shima ƙoda mai rauni bata iya fitarwa sosai, dan haka ba a tula ta, kamar cokalin shayi ɗaya a miyar mutum ɗaya ya wadatar. In aka ɗora ta a sikeli da dunƙule, a wajena daddawa marar gishiri ta yi gaba nesa, sai dai tana son aiki da sanin hannun da ta fito.

Kayan ƙamshi su ne masu arha a lissafin nan, kusan ba su cin komai daga 2,000 ɗin. Citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, kimba, gyaɗar miya, kurkum, albasa da lawashi, attaruhu, ɗaɗɗoya, na'ana'a. Sirrin da na koya shi ne soya albasa a ɗan mai a hankali har ta yi ja ta yi zaƙi, sannan a zuba dakakkiyar citta da tafarnuwa da daddawa su soyu tare kafin ruwa ya shiga, ƙamshin da zai tashi shi ke jawo mara lafiya ya nemi abinci da kansa. Sai lemun tsami, 'yan ɗigo kaɗan a kan kifi ko faten tsaki ko kwaɗo bayan an sauke, yana farkar da harshe har mutum ya ji kamar gishirin ya fi yadda yake. Tsamiya ma tana yin haka amma ita fotasiyam ɗinta da yawa, in na mara lafiyanki yana hawa a tsaya kan lemun. Kori da tayim na gwangwani a duba, tsantsarsu ba matsala, amma akwai haɗe-haɗen da ake rubuta wa na kaza, na jalof, na soyayyar shinkafa, waɗannan yawanci gishiri ne da farin magi aka yi wa ado da ƙamshi.

Yaji kuma sai na yi magana a kansa daban dan mu ba ma ganinsa a matsayin gishiri. Yajin tsire, yajin ƙuli, yajin tafarnuwa na kwalba, duk wanda kika saya a waje akwai gishiri da magi a ciki, sau da yawa masu yawa, shi yasa yake da daɗin lasa. Mutum sai a yi masa miya lami da ƙyar, ya ɗauko kwalbar yaji ya zazzaga a kai, aikin ya koma baya. Na gida shi ne mafita, barkono da citta da masoro da kanumfari da busasshiyar tafarnuwa da 'yar daddawa, a daka ba gishiri ba magi, wannan ko ya barbaɗa da ɗan yawa hankalinki kwance. Kilishi da tsire da balangu na waje kuwa an riga an tsuma su da gishiri da magi tun kafin su hau wuta, gara a sayo ɗanyen nama gwargwadon yadda likita ya yarda a gasa a gida da yajin nan.

Na kanti ba zan daɗe a kansu ba. Miyar waken suya ta kwalba da ake sa wa soyayyar shinkafa irin ta 'yan Sin, babban cokali ɗaya wajen miligiram 900 zuwa 1,000 ne, a ajiye ta kawai, haka magin ruwa na kwalba. Kecaf babban cokali wajen 150, mayonis wajen 90, waɗannan in ɗan kaɗan ne jefi-jefi ana iya lissafa su a ciki. Ɗan ƙullin garin dake cikin ledar indomi shi ne ya ɗauke mafi yawan gishirinta, in dole sai an ci a yar da shi a yi haɗin gida. Kifin gwangwani a tsiyaye ruwan, busasshen kifi mai gishiri a jiƙa shi a ruwan ɗumi a zubar sau biyu, tumatirin leda da na gwangwani kuma ga gishiri a wasunsu ga fotasiyam a tattare, ɗanyen tumatir kaɗan da albasa mai yawa ya fi. Wajen karanta takarda, in salt aka rubuta maimakon sodium, ki raba da 2.5 ki samu sodiyam ɗin. Ma'aunin da ake amfani da shi a Ingila yana da sauƙin riƙewa, abinda gishirinsa ya haura giram 1.5 a cikin giram 100 mai yawa ne, wanda bai wuce 0.3 ba kaɗan ne. Kuma ki lura ko adadin na giram 100 ne ko na ci ɗaya, dan a nan ake yawan ruɗewa.

Ga waɗanda suka kai matakin wankin ƙoda zancen ya ma fi tsanani. Maƙwabciyarmu tana zuwa wanki, an ƙayyade mata ruwan da za ta sha a rana, kuma ki tuna zafin Kano a watan Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40. Kullum faɗa ake da ita kan ruwa, 'ya'yanta na ɓoye kofi tana kuka, alhali gishiri da magin dake miyar ne ke hura mata ƙishin. Ba a iya hana mutum ruwa a bar masa gishiri, azaba ce kawai. Da suka gyara tukunya ƙishin ya ragu da kansa, nauyin ruwan da ake cire mata a wajen wanki ma ya ragu, ta daina dawowa a galabaice kamar da. Masu 'yan uwa a Gashuwa da Nguru da Haɗeja sun san yawan gidajen dake cikin wannan halin, Allah ya ba su lafiya.

Wani gargaɗi ɗaya, kar a ce tunda gishiri ne matsala a cire shi ƙaf har abada. Jiki na buƙatar kaɗan, akwai ma nau'in ciwon ƙoda da mutum ke zubar da gishiri ta fitsari, kuma in mara lafiya na amai ko gudawa lissafin ya canza, a kira likita a ranar. Sannan mutumin da ya daina cin abinci saboda lami zai rame, ramar kuma ita ma illa ce babba ga mai ciwon ƙoda.

Yadda na tsara girkina yanzu, tukunya ɗaya nake ɗorawa ta gida duka, na soya albasa da kayan ƙamshi da daddawa, na haɗa miya har ta nuna ba gishiri ba magi ba kanwa, sai na ɗebi ta Baba a ƙaramar tukunya kafin na sa wa sauran nasu. Tasa kuma ba a cikin tukunya nake zuba gishirin ba, a kwano nake barbaɗawa daga ɗan murfin nan daf da zai ci, saboda wanda ke sama shi harshe ke fara tararwa, kaɗan sai ya ji kamar da yawa. Makonnin farko sun yi wuya, yakan ture kwanon ya ce "Wannan ai ruwa kika ba ni," na ce "Baba ka daure ka ƙara loma biyu, likita ta ce bakin zai saba." Wajen wata biyu bakin ya saba ɗin, har ranar da aka kawo abincin suna daga maƙwabta ya ɗanɗana ya ce gishirin ya yi masa yawa. Duk ranar asibiti kuma ina tafiya da 'yar jaka, da ledar duk wani sabon kayan miya da ya shigo gidan da takardar gwajin jinin da ya gabata, na ajiye a gaban likita ta duba ta ce wannan a ci gaba, wannan a ajiye.